Keken Guragu a Ƙasar Rairayi: Jagorar Zaɓe, Awo da Kulawa a Belbeji

Raba kekunan guragu aikin lada ne da mutanenmu suka saba da shi. Attajiri ya sayo, ko ƙungiya ta kawo, a tara jama'a a ɗora kowa bisa nasa, a yi addu'a a watse. Matsala takan ɓullo ne bayan wata biyu ko uku. Sai ka tarar da wani keken jingine a zaure taya ta sace, wani yara sun mai da shi abin ɗauko jarkar ruwa, wani kuma mai shi yana kwance da gyambo a mazaunai wanda keken ne ya jawo masa. Duk wannan yana faruwa ne saboda an miƙa ƙarfe, an bar hidimar da ya kamata ta biyo shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 100 yana buƙatar keke, wato a gari mai mutum 1,000 ana iya samun goma. A jagorar da ta fitar a 2023 ta tattara hidimar a matakai huɗu: zaɓe, daidaitawa da jiki, koyarwa, da bibiya. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008, kuma sashe na 20 na yarjejeniyar yana magana ne a kan samar wa mutum abin da zai yi zirga-zirgarsa da kansa. A cikin gida akwai doka mai lamba 93-012 ta 2 ga Maris 1993, da mai lamba 2019-62 ta 10 ga Disamba 2019. Ke nan keke mai inganci haƙƙin mai shi ne, ko da sadaka ce ta sayo shi.

Belbeji, wadda ta zama gunduma a 2011 bayan an cire ta daga Tanut, tana da yanayin da ya sa dole a yi wannan aiki da natsuwa. Ƙasar rairayi ce da ƙaya, ƙauyukan ƙaramar hukumar Tarka da zangon makiyaya suna warwatse, kuma sashen haɗa ƙafar roba da gyaran gaɓoɓi yana can babban asibitin Damagaram. Abin da za a iya yi a gida, gara a iya shi da kyau. Wanda ya fi ƙarfin gida, a san shi da wuri a tura.

Waɗanda za su riƙe aikin

Mutum huɗu sun isa a fara: ma'aikacin lafiya daga asibitin unguwa ko na ƙauye, mace ɗaya mai hankali da riƙon sirri, mai gyaran keke ko mai walda, da mutum ɗaya wanda shi kansa yake amfani da keke. Wannan na ƙarshe shi ne malamin sauran, domin ya san abin da rairayi yake yi wa kafaɗa. A nemi shawarar sarkin guragu inda akwai shi, a kuma tuntuɓi wakilan tarayyar ƙungiyoyin naƙasassu ta ƙasa, FNPH. A sayi littafi mai kauri, kowane mutum a ba shi shafi biyu: sunansa, garinsa, lalurarsa, awonsa, irin keken da ya samu, da ranar da za a koma duba shi.

Tambaya kafin awo

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku zauna daidai da mutum a tabarma, ku yi magana da shi kai tsaye, kada ku tsallake shi kuna tambayar wanda ya rako shi. "Baba, ina ne kuka fi son zuwa da kuka kasa?" "Inna, da kanku kuke tashi daga shimfiɗa, ko sai an ɗaga ku?" Amsar ita ce za ta nuna irin keken. Wanda yake son kaiwa kasuwa ranar ci, buƙatarsa daban da ta tsohuwar da take son fita daga ɗaki zuwa inuwar bishiyar tsakar gida.

Tambayoyi biyar ba a tsallake su. Yana jin taɓi a mazaunai da cinyoyi da ƙafafu? Ya taɓa yin gyambo a wurin zama, ko yana da shi yanzu? Yana iya riƙe fitsari da bayan gida? Yana iya zama tsaye ba tare da ya dafa ba? Hannayensa biyu suna da ƙarfi? Wanda shan inna ya taɓa yawanci yana jin taɓi, don haka idan wuri ya dame shi zai gyara zama. Wanda ya karye a baya har laka ta taɓu, sakamakon haɗarin mota ko faɗowa rijiya, sau da yawa ba ya jin komai daga inda ciwon yake zuwa ƙasa. Shi ne ya fi kowa shiga haɗari.

Wanda za a fara turawa asibiti

Mai gyambo a buɗe a mazaunai ba a ɗora shi bisa keke har sai ya warke. Yaron da wuyansa ko bayansa ba ya tsayuwa yana buƙatar kujera mai madogara ta musamman wadda ƙwararre zai tsara. Wanda aka yanke wa ƙafa ɗaya, wataƙila ƙafar roba da sanda sun fi masa keke, sai a tura shi Damagaram. Jaririn da aka haifa da murɗaɗɗiyar ƙafa ana gyara ta da filasta idan an fara tun yana ɗan makonni, kuma asibitin CURE da aka buɗe a Yamai a 2010 yana wannan aiki. Mai tabo a fata da ba ya jin taɓi, ko yatsu suna mutuwa, a gwada shi ko kuturta ce: maganinta kyauta ne, kuma asibitin Danja kusa da Maraɗi ya daɗe yana kula da masu ita. Duk wanda aka tura, a ba shi takarda daga majo, wato shugaban asibitin unguwa, a kuma kira can a san ranar da za a gan shi kafin ya kashe kuɗin mota.

Awo huɗu

Ana buƙatar tef irin na masu gini, benci mai ƙarfi, da allo ko littafi biyu masu kwali. Mutum ya zauna a miƙe, ƙafafunsa a kan ƙasa ko a kan bulo. Mace, mace ce za ta auna ta.

1. Faɗin mazauni. A tsayar da allo ɗaya a kowane gefen ƙugu, inda ya fi faɗi, a auna tsakaninsu. Faɗin keken ya kasance kusa da wannan. Idan ya yi faɗi da yawa mutum zai karkace gefe guda. Idan ya matse zai goge masa fata.
2. Zurfin mazauni. A auna daga bayan mazaunai zuwa lanƙwasar gwiwa, a rage santimita 3 zuwa 5. A auna ƙafa biyun, a yi aiki da wadda ta fi gajarta.
3. Tsawon ƙwauri. A auna daga lanƙwasar gwiwa zuwa ƙarƙashin diddige, da takalmin da mutum ya saba sawa. Wannan ne yake nuna inda matakin ƙafa zai tsaya.
4. Tsayin majingina. Mai ƙarfin baya wanda zai tura kansa, ya tsaya masa a ƙasan haƙarƙari don kafaɗa ta sake. Mai saurin gajiya ko rashin daidaiton zama, ya kai masa ƙasan allon kafaɗa.

A rubuta lambobin nan take, a sake aunawa sau ɗaya. Da waɗannan lambobi ake zuwa wurin mai bayarwa ko mai ƙira, kafin a sayi komai.

Wane keke ne ya dace da Belbeji

Keken asibiti mai naɗewa, mai mazaunin leda da ƙananan tayoyin gaba sirara, an yi shi ne don daɓen siminti. A rairayi tayoyin gaban suna nutsewa, mai shi ya kife ta fuska. Ledar kuma tana lotsawa ta haɗe gwiwoyi.

Keke mai taya uku wanda ake tuƙawa da hannu, irin wanda masu walda suke ƙerawa, shi ya fi dacewa da mai ƙarfin hannu da baya wanda zai yi tafiya mai nisa: makaranta, kasuwa, masallacin Juma'a. Sai dai ba ya shiga ɗaki ko makewayi. Akwai kuma keken turawa mai dogon jiki da faffaɗar taya ɗaya a gaba, wanda aka tsara don ƙasa marar daɓe. Shi ne ya fi wa mai zama a kai wuni guda.

Ko wane iri aka zaɓa, a nemi wanda tayarsa da tib da kaca da boris irin na keken hawa ne, waɗanda ake samu a kasuwa. Taya mai faɗi ta fi siririya a rairayi. Saboda ƙayar aduwa da tsaida, mai faci zai iya yanka tsohuwar taya ya shimfiɗa ta tsakanin tib da sabuwar. A shafa hannu a bi duk inda aka yi walda. Tsini ɗaya ya isa ya yanki ƙafar da ba ta ji. Birki ya kama sosai a ɓangare biyu. Wanda aka yanke wa ƙafa biyu, a ja masa manyan tayoyi baya kaɗan, don nauyinsa yana rinjaya baya.

Matashi da gwajin yatsu

Keke ba ya fita ba tare da matashi ba. Gyambon zama yana farawa ne daga ciki, inda ƙashin mazaunai ya danne nama ya hana jini gudu, kuma idan ya yi zurfi ya ruɓe yana iya kisa. Matashin da ya dace yana da hawa biyu: soso mai tauri a ƙasa wanda aka fafe wa rami a baya daidai inda ƙasusuwan biyu za su sauka, da soso mai taushi a sama. A shimfiɗa shi bisa katako. A ɗinka masa riga mai ɗan sakewa wadda ake cirewa a wanke. Ga wanda ba ya riƙe fitsari, a sa leda a ƙarƙashin rigar, a kuma yi riga biyu. Matashin da aka yanke wa rami a tsakiya kamar zobe ba shi da kyau, yana tare jini.

Ga yadda ake gwadawa. A gaya wa mutum abin da za a yi, a nemi izininsa. Ya sunkuya gaba, mai gwaji ya zura hannu ta bayan keken, tafin hannu yana kallon sama, ya sa kan yatsunsa a ƙarƙashin ƙashin mazauni. Sai mutumin ya koma ya zauna daidai, hannayensa bisa cinya. Idan yatsun suna iya motsi sama da ƙasa, lafiya lau. Idan ba sa motsi amma suna zamewa su fita da sauƙi, a yi hattara, musamman ga wanda ba ya jin taɓi. Idan sun matse gam, matashin bai yi ba, a ƙara zurfin ramin ko a canza shi. A gwada ɓangare biyun.

Ranar miƙawa

Kowane mutum yana buƙatar kusan awa guda shi kaɗai, don haka ba a miƙa keke talatin a safiya ɗaya. A zaunar da shi a duba: hannu yana shiga tsakanin cinya da gefen keke ba matsi? Yatsu biyu ko uku suna shiga tsakanin bakin mazauni da lanƙwasar gwiwa? Tafin ƙafa ya kwanta a mataki, kuma matakin ya ɗaga daga ƙasa aƙalla santimita 5? Idan ya saki hannayensa ƙasa, yatsunsa sun kai tsakiyar babbar taya?

Daga nan sai koyarwa, shi da wanda yake kula da shi a gida. Hawa da sauka: a matso da keke dab da gado, a ja birki, a kawar da matakin ƙafa. Mai taimako ya lanƙwasa gwiwoyinsa ya riƙe ƙugu, kada ya ja ta hammata, kuma kada a ja mazaunai bisa taya. A rairayi mai zurfi, a kwantar da keken baya bisa manyan tayoyi a ja shi da baya. Turawa ta zama doguwa a hankali maimakon gajeru da sauri, don kafaɗa ita ce jarin mai keke. A bar shi ya gwada duk wannan a ƙasa irin ta ƙofar gidansa kafin a sallame shi. Kwanakin farko ya fara da ɗan gajeren zama, yana ƙarawa idan fata ba ta nuna komai ba.

Fata, kullum

Duk minti 15 zuwa 30 mai keke ya sunkuya gaba har mazaunai su ɗaga, ko ya karkata dama sannan hagu, ya ɗan jima a haka. Mai kwanciya da ba ya juyawa da kansa, a juya shi kamar duk awa biyu. Safe da dare a duba mazaunai, ƙugu, ƙashin wutsiya, diddige da idon sawu, da madubi ko da taimakon wanda ya yarda da shi. A baƙar fata ba lallai a ga ja ba: wurin yakan yi duhu fiye da kewayensa, ko ya yi zafi, ko tauri, ko sheƙi. Idan bayan minti 30 da sauka alamar tana nan, a daina zama a kan wurin sai ta ɓace, a kuma nemo dalili. Kada a murza wurin, kada a zuba masa toka ko garin magani. Fata ta fashe, ko wari, ko zazzaɓi, sai asibiti a ranar.

A watannin bazara, lokacin da zafi yake wuce maki 40, ƙarfen da ya sha rana yana ƙona ƙafar da ba ta ji. A ajiye keke a inuwa, a taɓa shi da hannu kafin a hau, a sa takalmi. Haka kaskon wuta a lokacin sanyi, a nisanta shi da ƙafafu. Wasu suna rage shan ruwa don gudun jiƙa tufafi. Wannan yana jawo ciwon mafitsara, kuma a zafin Belbeji haɗari ne babba.

Gida da hanya

Keken da ba ya wuce dokin ƙofa ya zama kujera kawai. Ƙofa ta kai faɗin santimita 90. Gangara kuwa, duk tsayin santimita 1 yana son tsawon santimita 12: dokin ƙofa mai santimita 10 yana buƙatar gangara mai santimita 120. Daga ɗaki zuwa makewayi zuwa zaure a zuba jar ƙasa ko burji, a yayyafa ruwa a daɓe. A masai a girka kujerar katako mai rami, tsayinta daidai da na keken, a kafa ƙarfe ko itace mai ƙarfi na dafawa. Wannan aikin gayya ne na wuni ɗaya ga samarin unguwa, kuma ya kamata a yi irinsa a makaranta, masallaci da asibiti.

Idan tafiya ta kama a motar kasuwa ko amalanke, mutum ya sauka daga keken ya zauna bisa matashinsa, a ɗaure keken daban ba a ɗora masa buhu ba. A roƙi direba ya ba shi gaba. Duk inda aka tsaya, ya ɗaga jiki ya huta.

Mutunci da tsaro

Awo da duba fata ana yin su a keɓe, tare da wanda mutumin ya zaɓa ya tsaya masa. Yaro ba a duba shi sai gaban uwa ko uba. Ba a ɗaukar hoto sai da yardar mai shi, kuma wanda ya ƙi hoto ba ya rasa kekensa. A sanar a masallaci da kasuwa cewa shiga jerin suna kyauta ne, ba goro ba tukuici, a kuma bayyana ƙa'idar da ake bi wajen fifita wani kan wani. A nemi waɗanda ba sa zuwa taro: matan da ke cikin gida, yaran da ake ɓoyewa, da mutanen zango da rugage. Inda Hausa ba ta wadatar ba, a samo mai fassara da Tamashek ko Fulatanci.

A naɗa mutum biyu masu karɓar koke, namiji da mace, waɗanda ba su cikin masu rabo. Wanda ya dogara da wani wajen wanka da bayan gida yana jin nauyin faɗin an cuce shi, musamman ƴan mata, don haka a ziyara a riƙa samun ɗan lokaci ana tambayarsa ba a gaban mai kula da shi ba. In an ga alamar duka, yunwa ko cin zarafi, a kai maganar ga majo da hukuma, a kuma rufa wa wanda aka cuta asiri. Keke mallakar mai shi ne. Dangi ba su da ikon sayar da shi ko mai da shi na ɗaukar kaya.

Gyara da bibiya

Kowane mako a goge keke da tsumma, a duba iska, a cire zare da gashin da suka naɗe a gindin tayoyi. Kowane wata a bi notuna da sifana, a gwada birki, a ɗiga mai a kaca sannan a goge, don mai da yawa yana tara rairayi ya cinye ta. Da damina a busar da shi kada ya yi tsatsa. Soso a shanya shi a inuwa, idan ya lotse a sake shi. Famfo, sifana da kayan faci su tafi tare da kowane keke.

Ziyarar farko kada ta wuce mako shida, ta mai haɗarin gyambo kuwa cikin mako biyu. Bayan haka duk wata shida, musamman yara saboda suna girma su fi ƙarfin mazauni. Ranar kasuwa ta fi sauƙin haɗuwa da mutanen nesa. Sauran a kira su a waya ko a je musu.

A ƙarshen shekara, misali ranar 3 ga Disamba da duniya ta keɓe wa naƙasassu, a buɗe littafin gaban jama'a ba tare da ambaton suna ba, a amsa tambaya huɗu. Keke nawa ne har yanzu suke tafiya? Mutum nawa suka yi gyambo? Kwana nawa keken da ya lalace yake yi kafin a gyara? Su wa suka koma makaranta, sana'a ko jam'i? Duk mai niyyar taimako, attajiri ne ko ƙungiya ko ma'aikatar magajin gari, ya ware kuɗin matashi, na gyara da na man babur ɗin ziyara tun ranar da ya ware na keke. Idan kuɗin bai isa duka ba, a rage yawan kekunan, waɗanda aka bayar su samu cikakkiyar hidima, a rubuta sunayen sauran a jere don zagaye na gaba.